ZAUREN ILMI: Na'ura Ta Shiga Ajin Tafintoci, Ina 'Ya'yan Zango?

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wata sana'a wadda Allah ya hore wa 'ya'yanmu jarinta tun suna goye, amma ba kasafai muke tura su makarantun da ake koyar da ita ba, wato fassara da tafintanci. Dalilin ɗauko maganar kuwa shi ne, wasu iyaye sun fara cewa ai wannan karatu ya mutu, tunda yanzu wayar hannu ma tana juya magana daga wannan harshe zuwa wancan. Mu dai a ganinmu yanzu ne ma karatun ya zama tilas, sai dai fa a haɗa shi da sanin na'urar kanta.

Duk wanda ya san Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Ankara, ko Aboabo a Kumasi, ko zangon Tamale, ya san cewa yaronmu yakan tashi da harsuna uku ko huɗu a baki. Yana jin Hausa a gida, yana ciniki da Tonanci a kasuwa, yana karatu da Turanci a makarantar boko, yana kuma ɗaukar Larabci a Islamiyya. Wanda ke da dangi a Lome ko Wagadugu ko Abijan har Faransanci yakan tsinta. Wannan abu gado ne. Fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga ba su yi ciniki da Gonjawa da Tonawa ba sai da masu juya magana. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da kuma Hausar ajami. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausawa da Baturen nan Rattray ya buga a 1913, wani malami ne mai suna Malam Shaihu ya rubuta masa shi da ajami a nan ƙasar. Har yau kuma a kowane watan azumi malamanmu suna zama tafsiri, mai jan baƙi yana karanto Larabci, malam yana warwarewa da Hausa.

To, sai dai jin harshe daban, sana'ar fassara daban, shi ya sa aka gina mata makarantu. Mai fassara shi ne wanda ke aiki a kan rubutu, yana da lokacin duba ƙamus da yin gyara. Tafinta kuwa da baki yake aiki, nan take, ba ya da damar cewa a dakata masa sai gobe. A 1961, zamanin Shugaba Kwame Nkrumah, aka kafa Cibiyar Harsuna ta Ghana, wadda a cikinta akwai makarantar masu fassara, tana kuma da rassa a Kumasi da Tamale. Wata doka ta 2020 ta haɗe ta da makarantar aikin jarida da ta shirya fina-finai suka zama jami'a guda. A Jami'ar Ghana da ke Legon ana karatun digiri na biyu a wannan fanni. A Kamaru kuwa, tun 1985 aka buɗe babbar makarantar masu fassara da tafintoci a garin Buea. Aiki kuma akwai shi, domin ƙasashe uku da suka kewaye mu, wato Kodebuwa da Burkina Faso da Togo, duk da Faransanci suke aikin hukuma, ga kuma hedkwatar yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka da aka buɗe a Ankara a 2020.

Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. A da, ɗalibin fassara ƙamus da alƙalami da tafireta kawai yake bukata. Yau kuwa na'urori iri uku ne suka shiga aji, kuma ya kamata iyaye su san bambancinsu, don kada a yi musu kuɗin goro.

Na farko su ne kayan tafintanci. An fara ganin amfaninsu sosai a shari'ar da aka yi wa manyan jami'an Hitila a birnin Nuremberg na Jamus daga 1945 zuwa 1946, inda aka yi aiki da harsuna huɗu, Turanci da Faransanci da Jamusanci da Rashanci. Tafinta yana zaune da na'urar saurare a kunne, yana fassara a daidai lokacin da mai magana ke magana, kowa kuma ya murɗa tashar harshen da yake ji. Aikin yana cin ƙwaƙwalwa ƙwarai, shi ya sa ake zama biyu-biyu a cikin ɗan ɗakin gilashi, ana karɓeɓeniya bayan kamar kowane minti 30. Tun annobar korona ta 2020 kuma tarurruka da yawa sun koma ta intanet, tafinta yana Ankara, mai magana yana Dakar, masu saurare suna Nairobi. Ke nan dole ɗalibi ya koyi sarrafa makirfo da tashoshin murya, ya kuma san abin da zai yi idan layi ya tsinke a tsakiyar jimla.

Na biyu shi ne abin da za mu kira rumbun fassara. Wannan manhaja ce ta kwamfuta wadda ba ta fassara komai da kanta. Aikinta shi ne ta yanka rubutu jimla-jimla, duk jimlar da mutum ya fassara ta adana ta tare da asalinta. Gobe idan irin wannan jimla ta sake fitowa, ko mai kama da ita, sai ta ɗago masa abin da ya rubuta jiya, shi kuma ya karɓa ko ya gyara. Tana kuma riƙe masa jerin kalmomin fanni, don kada ya kira abu ɗaya da suna uku a cikin takarda ɗaya. Mafi shahara a cikinsu ita ce Trados, ta wani kamfani da aka kafa a Jamus a 1984, kuma da kuɗi ake sayenta. Akwai kuma OmegaT wadda kyauta ce, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukarta. Yawancin kamfanonin da ke raba aikin fassara a duniya sukan tambayi mai neman aiki wace ce ya iya a cikinsu.

Na uku ita ce fassarar inji, wadda kowa ya sani a waya. Ita ma ta daɗe ana fama da ita. A 1954 masana a Jami'ar Georgetown ta Amurka tare da kamfanin IBM suka nuna wata kwamfuta da ta juya jimloli sittin da 'yan kai daga Rashanci zuwa Turanci, har aka yi ta cika baki cewa nan da shekara uku zuwa biyar an gama da matsalar. A 1966 wani kwamiti da gwamnatin Amurka ta naɗa ya ba da rahoto cewa abin bai kai ko'ina ba, aka janye kuɗin bincike. Sai a 2006 Google ya fito da nasa, ya sa Hausa a ciki a ƙarshen 2013, ya sauya masa sabon tsari a 2016, sa'an nan ya ƙara Tonanci da Ewe a 2022. Kamfanin Microsoft shi ma ya sa Hausa a nasa a 2023.

Yaya wannan inji yake aiki? Ba a koya masa nahawu kamar yadda ake koya wa yaro. Ana ɗura masa miliyoyin jimloli ne waɗanda mutane suka riga suka fassara, wannan gefe Turanci, wancan gefe ɗaya harshen, shi kuma ya riƙa lura da abin da ya saba tafiya da wani. Idan aka ba shi sabuwar jimla, sai ya jero kalmomin da a lissafinsa suka fi kama da amsa. Saboda haka ƙarfinsa gwargwadon abin da ya ci ne. Faransanci da Sifaniyanci suna da rubutun da ba ya ƙirguwa. Hausa kuwa abin da ke akwai kaɗan ne idan aka gwada, kuma mafi yawansa daga labaran gidajen rediyo da jaridu da littattafan addini aka tsinto shi, da daidaitacciyar Hausa mai bin ta Kano.

A nan ne gizo yake saƙar. Hausar da muke yi a zangunan Ghana tana da nata kamanni. Da yawa daga cikinmu ba sa rarrabe namiji da mace a magana yadda Bakano ke yi, mukan kuma tsoma kalmomin Tonanci da na Turanci ba tare da mun lura ba. Ga shi Hausa ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Ghana, wadda aka kafa a 1951, take buga littattafai da su, duk da cewa gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana ba ta fili. Ke nan Hausarmu a baki take, ba ta da yawa a takarda, abin da ba ya takarda kuwa inji bai taɓa ganinsa ba.

Ko a daidaitacciyar Hausar ma akwai ramuka. Ba ma sa alamar karin sauti ko tsawon wasali a rubutu, don haka kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu ko uku. Mu ɗauki wannan gajeriyar jimla: ba ta magani. Tana iya zama umurni, wato a miƙa wa mara lafiya magani. Tana kuma iya nufin cewa ƙwayar da ake magana a kanta ba ta warkar da komai. Bahaushe da kunne yake rarrabewa, ko da abin da ya gabata a zance. Haka nan shawara tana nufin abin da ake ba aboki, tana kuma nufin ciwon da ke sa ido ya yi rawaya. Daji wurin namun dawa ne, kuma sunan mugun ciwo ne. Mace ta ce wa likita tana fama da sanyi, ba lallai ba ne hunturu take nufi. In aka ce ta yi ɓatan wata, ko ta sauka lafiya, ko tsoho ya kwanta dama, kowane Bahaushe ya gane, amma fassarar kalma da kalma sai ta kai mutum wani gari. Bugu da ƙari, da yawa daga cikinmu mukan rubuta a waya ba tare da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Babban haɗarin injin zamani shi ne, ko ya yi kuskure jimlarsa takan fito sumul, babu wata alama da za ta sa wanda bai san harshen ba ya yi shakka.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen malaman nahawu ne kawai. A watan Oktoba na 2017 'yan sandan Isra'ila sun kama wani Bafalasɗine magini saboda ya sa hotonsa a Facebook kusa da motar katafila, ya rubuta barka da asuba da Larabci, inji kuma ya fassara gaisuwar da cewa a kai musu hari. Sai da ya sha tambayoyi na sa'o'i kafin a gane, domin babu jami'in da ya iya Larabci da ya karanta rubutun kafin a kama shi. A 2018 wani alƙali a jihar Kansas ta Amurka ya ƙi karɓar hujjar da aka samu a motar wani direba mai jin Sifaniyanci, saboda ɗan sandan da fassarar Google ya nemi izinin bincike, kuma ba a tabbatar mutumin ya fahimci tambayar ba. A 2014 wata mujallar likitoci ta Ingila ta buga gwajin da aka yi da jimloli 10 na asibiti a harsuna 26, aka tarar kusan kashi 58 cikin ɗari ne suka fito daidai, harsunan Afirka kuma su ne a baya da kashi 45. Gaskiya ne injin ya ƙara ƙwarewa tun daga lokacin. Amma in har Larabci da Sifaniyanci, masu tarin littattafai, sun gamu da irin wannan, to yaya Hausar tsohuwar da ta je asibiti daga Fadama?

Tsarin mulkin ƙasar nan na 1992 ya ba duk wanda aka kama haƙƙin a gaya masa dalili da harshen da yake ji, ya kuma ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta a kotu idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Wannan haƙƙi ba ya da amfani in babu ƙwararren da zai tsaya. Abin da muka saba gani shi ne a jawo ɗan'uwa, ko mai gadi, ko ma yaro ɗan firamare ya tsaya tsakanin uwarsa da likita, alhali akwai maganganun da uwa ba za ta taɓa faɗa a gaban ɗanta ba. Idan muka yi sake, gobe waya za a miƙa mata a madadin yaron, kuma babu wanda zai duba abin da wayar ta faɗa.

To, yaya ya kamata a koyar? Mu dai ga abin da muke gani, muna kuma roƙon malaman wannan fanni su duba.

Da farko, harshe shi ne gaba, na'ura tana biye. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da bai iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida ba, bai san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa ba, ba zai iya kama kuskuren inji ba. A fara da sa masa allon rubutu mai haruffan Hausa a waya da kwamfuta, a kuma saba masa da ƙamus, irin na Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006.

Na biyu, a koya masa gyaran fassarar inji a matsayin darasi mai zaman kansa, domin aiki mai yawa a kasuwa yanzu haka yake zuwa. Hanya mai sauƙi ita ce malam ya kawo takarda ta gaske, kamar takardar bayanin magani ko sanarwar hukumar zaɓe, ɗalibai su fara fassarawa da hannu, sa'an nan a ba inji, a ɗora biyun gefe da gefe. Kowane ɗalibi ya buɗe littafi yana rubuta irin kuskuren da ya kama: inda aka yar da kalmar korewa, inda aka sauya adadi, inda aka mai da mace namiji, inda aka ƙaro abin da babu shi a asali. Bayan wata uku zai san inda injin yake tuntuɓe kamar yadda direba ya san ramukan hanyarsa.

Na uku, a sa ɗalibai su gina nasu rumbun. Aji ɗaya ya ɗauki kalmomin asibiti, wani ya ɗauki na kotu, wani na banki da kuɗin waya. Su je wurin ungozomomi da mahauta da 'yan kasuwa da limamai, su rubuta yadda ake faɗin abu a Kano da yadda ake faɗinsa a Kumasi, su ajiye duka biyun. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wani injiniya a Amurka da zai yi mana wannan aiki.

Na huɗu, a koyar da amana. Duk takardar da aka liƙa a cikin manhajar fassara ta kyauta ta bar hannun mai ita, ta tafi kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa. Takardar gado, da sakamakon gwajin jini, da bayanin wanda ake tuhuma, ba abin da za a watsa ba ne haka nan, kuma ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012. Dole ɗalibi ya san abin da ake ba inji da abin da ba a ba shi. Dole kuma ya san cewa tafinta ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya ɗaukar ɓangare, ko da kuwa ɗan unguwarsu ne a gaban alƙali.

Na biyar, a koya musu ciniki. Masu ba da aiki sukan ce ai inji ya yi rabi, don haka za su biya rabin kuɗi, alhali a Hausa sau da yawa gyaran yakan ci lokaci daidai da a faro daga farko. Wanda ya iya auna lokacin da aiki ya ci masa shi ne zai iya kare farashinsa.

Saura namu, mu jama'ar zango. Muna kira ga masu makarantun Islamiyya, musamman waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilmin Musulunci da hukumar ilmi ta kafa a 1987, da su ware ko da sa'a biyu ne a mako don karatu da rubutun Hausa, boko da ajami. Muna kira ga sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa da su nemi Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da dokar 2017, ya ɗauki nauyin wasu 'ya'yanmu maza da mata zuwa makarantun fassara, ya kuma taimaka da ɗakin kwamfuta ko guda ɗaya ne a manyan zangunanmu. Mun ambaci mata da gangan, domin a ɗakin haihuwa da wurin awon ciki mace ce ta fi dacewa ta tsaya.

Matasan da ke yini da waya a hannu su ma akwai abin da za su iya yi ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Akwai Wikipedia ta Hausa da ke jiran masu rubuta tarihin Salaga da Yendi da Kete-Krachi. Akwai shirin Common Voice na ƙungiyar Mozilla, inda kowa ke iya karanta jimlolin Hausa a naɗi muryarsa, kuma da irin waɗannan muryoyi ake koya wa na'ura jin magana. Akwai kuma ƙungiyar Masakhane ta masana 'yan Afirka da ke aiki a kan harsunanmu. In muryar Nima da ta Aboabo ba su shiga ba, to na'urar gobe za ta ji Bakano da Bazazzagi, ta kasa jin iyayenmu.

Ga iyaye kuma, idan yaro ko yarinya suka nuna kaifin harshe, kada a ce musu surutu ne. A tambayi sharuɗɗan shiga waɗannan makarantu tun suna sakandare, a ƙarfafa musu Faransanci ko Larabci a kan Turanci da Hausa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Zamani riga ne, kuma wannan rigar ta riga ta iso kotunanmu da asibitocinmu, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

A nan za mu dakata. Kamar kullum, ƙofar zaure a buɗe take ga duk mai ƙarin bayani, musamman malamai da ɗaliban da ke cikin wannan karatu, da kuma tafintocin kotu waɗanda suka fi mu sanin abin da ke faruwa a can.